Rigunan Sanyi Hamsin da Huɗu da Allurar Gwaggo Etelka

A ƙaramin gidan wasan unguwarmu, wanda yake bayan kasuwar kifi a birnin Szeged, ba a shiga zaure da rigar sanyi a jiki. Ana tuɓe ta a soro, a miƙa wa Gwaggo Etelka ta saman kantar karɓar riguna, a karɓi lambar tagulla, sa'an nan a wuce. Shekara arba'in da ɗaya ta yi a bayan wannan kanta, kuma a tsawon waɗannan shekaru ba ta taɓa ba wani rigar wani ba. Cikakken sunanta Csordás Etelka, amma in ban da mai rabon wasiƙu, ban san wanda yake kiranta haka ba.

An haife ta a wani ƙauye a gaɓar kogin Tisza. Uwarta tana yi wa silifas adon furanni da zare, saboda haka Etelka ta iya riƙon allura kafin ta iya riƙon alƙalami. Ta yi shekara shida a masaƙar igiya, ta auri Vendel mai fito, wanda ya ƙare rayuwarsa yana haye da mutane kogi ba tare da ya koyi iyo ba, ya kuma rasu a kan gadonsa a bushe. 'Yarsu ɗaya tana aikin jinya a wani gari mai nisa. Tun da Etelka ta samu aikin karɓar riguna tana da shekara ashirin da huɗu, ba ta sake neman wani ba.

Ta hanyar riga take sanin mutane. Takan san wadda ta samu juna biyu kafin surukarta ta sani, domin an matsar da maɓalli. Ta san wanda ya daina shan taba, ta san wanda yake cewa ya daina. Amma abin da ta fi shahara da shi shi ne maratayi, wato ɗan ƙyallen nan da ake ɗinkawa a cikin wuyan riga domin a saƙala ta a ƙugiya. A wurinta, rigar da ba ta da maratayi ba ta cika riga ba, kuma ba za ta hau ƙugiyarta ba. Sai ta ajiye ta gefe, idan an fara wasa ta ɗinka mata, idan an tashi ta miƙa wa mai ita tare da faɗan da ya dace da shekarunsa.

Ni kaina ta wannan faɗa muka saba. Ina sabon malami na kawo ɗalibaina kallon wasan 'yar tsana, sai na lura sanarwar da ke manne a bangon soro ta rasa waƙafi a wuri biyu. Na gaya mata cikin ladabi. Ta karɓi rigata, ta juya wuyanta, ta dube ni.

"Malam, idonka ya hango waƙafi a bango, bai ga maratayinka ya tsinke ba? Wa ke kula da kai a gida?"

Na ce ba kowa. Ta ce ai ta gani. Ta ɗinka mini, ni kuma washegari na zo da alƙalami na gyara sanarwar, muka zama abokai.

A shekarar da nake ba da labarinta, gidan wasan ya samu sabon shugaba, Halmos Zsombor, saurayi mai kuzari wanda na taɓa koyarwa, kuma har yau yakan rubuta layi biyar bai sa aya ba. Shi ne ya ƙirƙiro Makon Hunturu saboda baƙin da suke zuwa garinmu a watan Janairu su yi wankan ruwan zafi, su sha farfesun kifi, su rasa abin yi da la'asar. Ya shirya musu kiɗan goge, da rawar buga takalmi, da wasan 'yar tsana, da baje kolin zane. Abin ya karɓu. Sai dai masu kawo baƙin sun yi ƙorafi cewa ana daɗewa a layin riguna. Zsombor kuwa ya ga wasu akwatunan ƙarfe masu makulli a wani gidan tarihi a Vienna, kowa ya cusa rigarsa ya kulle da kansa, suka shiga ransa.

Ranar Alhamis ya shigo soro, ya tarar da ni ina shan shayin da Etelka take dafawa a ƙarƙashin kanta.

"Na sumbaci hannunki, Gwaggo Etelka. Malam Benedek, barka da hutawa."

"In ka fara da sumbar hannu akwai magana," in ji ta. "Faɗi."

"Ranar Asabar da ƙarfe uku muna da baƙi hamsin da huɗu daga Norway, kuma ana jiran su a gidan cin kifi. Idan aka tashi daga wasa, minti goma na ba ki. In ya cika da sauran mutum ɗaya a gaban kantar nan, ranar Litinin zan aika a kawo akwatunan."

"Ni kuma in je ina?"

"Ki huta mana, Gwaggo."

"Akwati zai gaya wa mutum ya yar da safar hannunsa?"

"Akwati ba ya yi wa mutum faɗa."

"Shi ya sa ba shi da amfani. Je ka, ɗan nan. Na san ka tun ana ɗaure maka safar hannu da zare."

Ya yi dariya, ya roƙe ni in zo in yi tafinta, domin jagorar baƙin tana jin Jamusanci, ni ma ina taɓawa. Da ya fita, Etelka ta ɗauki buta ta zuba mini shayi a kofin da yake cike, ba ta lura ba har ya malalo kan kantar.

Ranar Asabar an wuni ana zuba dusar ƙanƙara. Mutanen gari suka riga zuwa, ta karɓi rigunansu ta rataye ba tare da ta ɗaga kai ba. Ƙarfe uku saura kwata, bas ta tsaya, ƙofa ta buɗe, sai ga soro ya yi ja. Duk su hamsin da huɗun riga iri ɗaya suka sa, ja, mai kumburi, mai hula a haɗe, wadda kamfanin yawon ya ba su aro. Etelka ta karɓi ta farko, ta juya wuya. Ta karɓi ta biyu, ta juya. Ta uku ta kai ta kusa da fitila.

"Malam, tambaye ta. Ina maratayin?"

Na tambayi jagorar, wata doguwar mace mai suna Ragnhild. Ta ce ai ba a yi musu ba, a saƙala su ta hula kawai, haka ake yi ko'ina.

"Ta hula!" in ji Etelka. "Ka ce mata na gode."

"Wannan kaɗai?"

"Sauran ba ya fassaruwa."

Ta maƙala wa kowace riga lambarta da fil, ta jibge su a kan tebur da kujeru. Baƙi suka shige, aka rufe ƙofar zaure, shugaban makaɗa Bódi Kálmán da 'yan gogensa suka fara. Ina shirin bin su ta kama hannun rigata.

"Ina za ka? Zauna ka zira zare."

Na yi mata lissafi a natse, kamar yadda nake yi wa ɗalibi mai taurin kai. Wasan minti saba'in ne. Kowane maratayi yana cin minti biyu. Riguna hamsin da huɗu ne. Ba sai an kira masanin lissafi ba.

"Etelka, don Allah, yau kaɗai. Rataye su ta hular. Aikinki fa ake magana."

"Kai ka taɓa barin yaro ya rubuta kuskure don yau Asabar ce?"

Na ɗauki allura.

Ba mu san rigunan cike suke da gashin agwagwa ba sai da allura ta huda ta farko. Ɗan farin gashi ya leƙo, wani ya bi shi, kafin mu kai ta biyar soro ya zama kamar ana figar kaji a gidan biki. Ina zira zare ina atishawa, tana ɗinki tana hure gashi daga leɓenta. A riga ta goma sha ɗaya baƙin ƙyallen da take yanka maratayi da shi ya ƙare. Ta zazzage jakarta: ragowar kore, ragowar rawaya, wani mai furanni, ƙyallen ɗaure kyauta na Kirsimetin bara. Da suka ƙare ta yanke igiyar rigar aikinta. Da ita ma ta ƙare, ta dubi ƙafafuna.

"A'a," na ce.

"Guda shida za su fita a ciki. Cire."

"Etelka, shekara talatin da uku na yi ina koyarwa a garin nan."

"Da baki ka koyar, ba da igiyar takalmi ba. Cire."

Muna kan ta arba'in muka ji goge ya ja dogon amo na ƙarshe, tafi ya ɓarke. Saura goma sha huɗu, sauran kuma duk suna jibge ba a rataye ba. Na ga hannunta ya tsaya a karo na farko. Ta saurari tafin, ta juyo.

"Gedeon yana layi na uku. Je ka ce masa kada ya bari tafi ya mutu."

Gedeon mahauci ne, tafin hannunsa kamar shebur. Na shiga zaure ina jan takalma marasa igiya, gashin agwagwa a girata, na duƙa na raɗa masa. Bai tambayi dalili ba. Ya naɗe hannun riga, ya fara tafin ƙarfe.

Haka muke tafi a nan idan wasa ya yi mana daɗi. Da farko kowa yana nasa, sai a hankali hannuwa su haɗu a bugu ɗaya, mai nauyi, a jere, ya riƙa ƙara sauri har ya watse, sa'an nan a sake ɗauko shi daga farko. Muddin ana yin sa, dole makaɗa su dawo, kuma ba wanda yake tashi daga kujerarsa. Saƙo ya bi layi-layi daga kunne zuwa kunne: Etelka tana neman rabin awa. Babu ɗan gari a zauren nan da ba ya yawo da ɗinkinta a wuyansa. Likitan haƙori ya cire zobe. Matar mai sayar da magani ta ajiye jaka a ƙasa. Aka ɗauka.

Kálmán ya dawo yana murmushi, ya rusuna, ya ƙara waƙa ɗaya. Aka ci gaba da tafi. Ya dawo ya ƙara ta biyu, 'yan rawa suka fito suka bubbuga takalma. Ni kuwa ina kai da kawowa tsakanin soro da ƙofar zaure, in zira zare uku, in ruga in ɗaga wa Gedeon yatsu. Saura goma sha ɗaya. Saura tara. A zuwa na uku takalmina na hagu ya zauna a bakin ƙofa, ban tsaya ɗaukarsa ba.

A dawowa ta huɗu murmushin Kálmán ya fara bushewa. Mutum ne mai shekara saba'in da ciwon gwiwa. Ya matso bakin dandamali kamar mai rusunawa, ya yi magana ta gefen baki.

"Gedeon, me na yi maka?"

"Kiɗa dai, maigida!"

"Waƙoƙin da muka shirya sun ƙare!"

"Juya su ta baya!"

"Naman da ka sayar mini ranar Talata duk jijiya ne, ban faɗa wa kowa ba. Wannan ce sakayyar?"

"Kiɗa!"

Ya kaɗa na biki. Ya kaɗa na rarrashin jariri. Ya ɗauko wanda ake raka gawa da shi ya ninka saurinsa, 'yan rawa suka bi shi suna haki. A gefen labule na hango Zsombor yana share hawaye, waya a kunnensa, yana gaya wa wani ɗan jarida cewa tun da aka gina gidan ba a taɓa ganin karɓuwa irin wannan ba.

Baƙin da farko sun tsorata, suna duban juna, wataƙila sun zaci korar makaɗan muke yi. Da suka ga fuskoki a sake, sai wani tsoho mai farin gemu a cikinsu ya gwada, ya kama bugun. Matarsa ta bi shi. Kafin waƙa ta shida duk hamsin da huɗun sun shiga, har da buga ƙafa.

Etelka ta cije zaren ƙarshe, muka rataye rigunan bi da bi, kowace a ƙugiyar lambarta. Ta ja baya ta dube su, ta gyara ɗaya da ta karkace.

"Je ka ce ya isa."

Na ruga na yi wa Gedeon alama. Ya sauke hannuwansa, ya sa su a hammata domin sun kumbura. 'Yan gari suka daina. Tafi bai tsaya ba. Mun koya wa mutanen Norway yadda ake ɗauko shi, ba wanda ya koya musu yadda ake ajiye shi. Da ya watse sai tsohon nan mai gemu ya miƙe tsaye ya sake ɗauko shi, sauran su bi da sowa. Kálmán ya fito karo na takwas, ya sa gogensa a akwati a gaban kowa, ya rufe, ya zauna a kai. Suka ɗauka wannan ma cikin wasan ne, suka ƙara ƙarfi.

Sai ƙofar baya ta buɗe gaba ɗaya. Etelka ce, kanta fari fat da gashin agwagwa, almakashi a rataye a wuyanta. Ta ɗaga murya yadda ta saba ɗagawa a masaƙa.

"Farfesu zai huce!"

Na fassara da iyakar ƙarfina. Tafi ya mutu nan take.

Zsombor ya riga kowa fitowa soro, agogo a hannu. Ban taɓa ganin Etelka ta yi aiki kamar na ranar ba. Kafin mutum ya gama ɗaga lambarsa rigarsa tana kan kantar. Ta sallami baƙi, ta sallami 'yan gari, har ta samu sukunin gaya wa likitan haƙori aljihunsa ya huje. Minti shida da rabi.

Amma ba a fita ba. Ragnhild ta ga farin gashi a ƙasa, ta juya wuyan rigar wata mata, ta ga koren ƙyalle. Fuskarta ta canza. Ta ce rigunan na kamfani ne, an yi su ne yadda ruwa ba zai shiga ba, wa ya ba da izinin a huda su? Na fassara a hankali, na rage mata zafi inda nahawu ya ba da dama. Zsombor ya dubi gashin, ya dubi ƙafata mai safa, ya dubi hannuwan Gedeon. Na ga lokacin da ya gane ko don wa aka yi tafin, domin kunnuwansa sun yi ja kamar rigunan.

Tsohon mai gemu ne ya fara dariya. Ya ɗaga tasa, wadda ta samu igiyar takalmina, ya yi wa Ragnhild doguwar magana, sauran suka fashe. Ta gaya mini abin da ya ce, tana ƙoƙarin ɗaure fuska. Kwana biyar ke nan suna musayar riguna ba su sani ba. Shi ya kwana biyu da maganin hawan jinin wani a aljihu, wata ta yi wuni guda da makullin ɗakin da ba nata ba, an kusa raba wani aure a kan wata 'yar takarda. Yanzu kowa ya san tasa. Nan da nan soro ya kaure, mai rawaya yana neman mai rawaya, masu furanni sun haɗa kai suna ɗaukar hoto, masu igiyar takalmi su shida suka zo suka gaisa da ni ɗaya bayan ɗaya.

Ragnhild kuwa ba ta ba da tata riga ba tun farko, a hannu ta riƙe ta. Ta ɗora ta a kan kantar Etelka.

"Me take so?" in ji Etelka.

"Maratayi."

"Ka ce mata ta zauna. Kuma ka tambaye ta wa ke kula da ita a gida."

Ranar Litinin Zsombor ya kira mu ofishinsa. Ya ce wasan ya ƙare ƙarfe huɗu da minti goma, baƙi ba su fita ba sai biyar saura, saboda haka sharaɗi bai cika ba. Na roƙe shi ya maimaita jimlar da ya faɗa ranar Alhamis. Ya maimaita. Na tambaye shi, a cikin "aka tashi daga wasa", wane ne yake tashi, takardar shiri ko mutane? Ya ce mutane. Na ce to, yaushe mutane suka tashi? A kan teburinsa akwai jaridar safiyar, da hotonsa, da labarin tafin da ba a taɓa yin irinsa ba. Idan ya kawo akwatunan, dole ya bayyana wa gari dalili, gari kuwa ya san wanda aka yi wa tafin.

"Malam," in ji shi, "tun ina aji bakwai kake yi mini haka."

"Tun kana aji bakwai kake magana ba ka auna ba."

"To, Gwaggo, kanta taki ce. Amma ki yi mini alkawari ba za ki sake huda rigar baƙo ba sai kin tambaya."

"Zan tambaya," in ji ta. "Da harshenmu."

Ta ƙara hunturu biyar a bayan kantar, ta bar ta da kanta ranar da idonta ya daina ganin kafar allura, ta miƙa wa matar ɗan Gedeon, wadda ta horar shekara biyu. Kálmán bai yi wa Gedeon magana ba har bikin Ista. A duk waɗannan shekaru biyar kuwa, bai ƙara hawa dandamali ba sai ya leƙo soro tukuna, goge a hammata.

"Etelka, yau guda nawa ne ba su da maratayi?"

In ta ce biyu ko uku, sai ya wuce yana fito. In ta yi shiru tana ƙirga da yatsu, sai ya koma ciki ya ce wa 'yan rawa su sha ruwa sosai, a kuma kawo masa kujera.